Kada Ku Mayar da Auta Kotu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni mahaifinku, mai gyaran firiji, nake rubuta wannan da hannuna. Hankalina ɗaya, ba zafin ciwo ke magana ba. Likita ya daina ɓoye mini, ya ce hantar ta gama aikinta. Kai Babba, da ke Malama, ku karanta a tsanake. Ƙanwarku Auta kuma a ajiye mata sai ta ƙara hankali.

Na ɗaya. Gado Allah Ya riga Ya raba shi, ba ni da ta cewa. Gida da shago naku ne ku uku, kada nisan Auta ya sa a manta da rabonta. Babba, ka ci gaba da buɗe shagon. Firijin da ke bayan ƙofa na tsohuwar nan ne mai sayar da ƙanƙara, gas kawai ya rage a ɗura masa. Ka kai mata har gida.

Na biyu, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Babba, na ji abin da ka faɗa wa baffanka a barandar asibiti kana zaton barci nake. Ka ce da zarar an binne ni za ka nemi lauya ka karɓo Auta daga hannun mamanku, tunda ta yi wani aure, kai ne uba yanzu. Ban yarda ba ina raye, ban kuma yarda ba ina kwance a kabari.

Ranar da alƙali ya raba ku kuna waje a kan benci, ni ne a ciki. Ya ce ku biyu kun girma ku zaɓa, kuka zaɓe ni. Auta ko takalmi ba ta iya sa wa kanta ba, aka ce sai hannun uwa. Ni kuma aka yanka mini Asabar, daga hantsi zuwa la'asar. Da farko ofishin jin daɗin jama'a ake kawo ta, wani ɗaki mai kujerun roba da fanka mai ƙara, ga ma'aikaciya a zaune tana duba agogo. Yaya mutum zai yi wasa da 'yarsa ana duba masa agogo? Sai in ɓare mata lemo, ta sha tana leƙen ƙofa. Wata Asabar a ce zazzaɓi take yi, wata a ce sun yi tafiya, wata in yi ta jira har a rufe ofis. Gadon da na saya mata na sa a ɗakin da ke kusa da nawa, har ta fi shi tsawo ba ta taɓa kwana a kai ba.

Da mamanku ta auri mai kantin magani, lauya ya ce mini yanzu nasara tawa ce. Na shigar da ƙara. Aka tara mu a ɗakin nan mai kujerun roba, aka tambayi Auta a gabanmu wa take so ta zauna da shi. Yarinyar ta dube ni, ta dubi uwarta, sai fitsari ya zubo mata a tsaye, tana da shekara bakwai. Ko kuka ba ta yi ba. Na cire rigata ta sama na rufa mata, washegari na janye ƙarar. Kai ba ka ga wannan ba, Babba, shi ya sa bakinka ke da ƙarfi. Kada a sake yi mata wannan tambayar da sunana.

Na uku. Mijin mamanku, Auta Baba take ce masa. Na fara ji ne a shago, bayan an yarda ta riƙa zuwa can. Tana haska mini tocila a bayan wani firiji, ta ce Babanta ya saya mata keke. Na ci gaba da ɗaure noti kamar ban ji ba. Ya yi ciwo, har yau yana yi. Amma shi ke kai ta makaranta, shi ya ɗauke ta a kafaɗa zuwa asibiti da ta karye a hannu. Wanda ya riƙe maka naka da kyau ba abokin gaba ba ne. Ku gaishe shi da mutunci.

Na huɗu naki ne, Malama. Ranar aurenki mamanku ta zo ta tsaya a bakin titi, kika ce kada a shigo da ita. Abin da ya shiga tsakanina da ita namu ne mu biyu. Zama ne ya ƙare, kuma ni na yafe, ina fatan ita ma ta yafe. Ga shi kina ɗauke da ciki, ba da jimawa ba za ki san abin da ya tsayar da ita a titin nan har aka watse. Ki je gidanta ki durƙusa ki gaishe ta.

Na biyar. Sunana alƙali ya rubuta a takardar ziyarar Asabar, ba naku ba. Idan na tafi babu takardar da za ta sa a kawo muku Auta, sai lallami da kyakkyawar fuska. Ku roƙi mamanku ta bar muku Asabar ɗin. An ce wa Auta aiki ne ya yi mini yawa ya hana mu haɗuwa, don ba na so ta ga yadda cikina ya kumbura, idona ya koma rawaya. Idan ta Allah ta kasance, kada ta ji a waya. Malama, ki je da kanki, ki zaunar da ita a cinyarki ki faɗa mata. Ki ba ta ƙaramar sukundirebar nan mai jan hannu, ita take kira tata.

Allah Ya yi muku albarka ku uku, Ya ba ku masu jin ƙanku, Ya tsare 'ya'yanku daga zaman bencin kotu. Ku yafe mini, na yafe muku duniya da lahira. Babba, kai ne gaba, ka riƙe ƙannenka da taushin hannu. An raba muku gida, amma nono ɗaya kuka sha. Ku riƙe juna.

Mahaifinku.