Kwana Goma Sha Ɗaya Nasiru Bai San Inna Ta Rasu Ba

Zuwa ga Shugaban makarantar kwana ta maza da ke maƙwabtaka da ƙauyenmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina kuma gaida malamai da sauran ma'aikata. Da fatan ana hutu lafiya, damina kuma tana yin albarka.

Sunana Habu Isiyaku, mahaifin Nasiru Habu na aji biyar. Ni ma a makarantar nan na yi shekara shida. Daga Fatakwal nake rubutu, inda nake aikin kula da sito shekara tara ke nan. Da gangan na ƙi ambatar sunan makarantar, don ba tozarci nake nema ba. Abin da ya sa na fito fili shi ne sau biyu ina aiko takarda a rufe ta hannun ƙanena Lawan ban ji amsa ba, ga shi saura sati uku a koma, kuma Nasiru ya ce shi ya gama da makarantarku.

Na farko, abin da ya faru.

Ranar wata Talata, ana tsakiyar maimai a gonaki, Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa bayan sallar asuba. Ita ta riƙe Nasiru tun uwarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu, bai san wata Inna ba sai ita. Daga nan zuwa gida tafiyar yini da kwana ce a mota, na san ba zan sami jana'iza ba. Sai na ce wa Lawan ya hau babur ya ɗauko yaron, don shi Nasiru ya tsaya a madadina. Tsakanin ƙofar makarantarku da ƙofar gidanmu minti ashirin ne.

Ƙarfe takwas Lawan yana bakin ƙofa. Baba Audu maigadi ya yi masa ta'aziyya, sannan ya ce, "Wallahi Lawan, in na buɗe maka abincina ne zai tafi. Tun korona aka ce ba shiga ba fita sai da takardar ofis." An ce kai kana Kano wajen taro. Baba Audu ya kai saƙo wajen hausmasta, malamin da ke kula da ɗakin kwanansu, hausmasta bai fito ba. Liman ya jinkirta salla har kusan azahar ana duban hanya. Daga ƙarshe aka kai Inna makwancinta babu ni babu jikanta.

Sai ranar da aka ba da hutu, bayan kwana goma sha ɗaya, Nasiru ya ji. Kuma ba daga bakin malami ba, ba daga bakina ba. Ɗan acaɓan da ya ɗauko shi da akwatinsa ne ya waiwayo a hanya ya ce, "Ɗan makaranta, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan tsohuwa."

Na biyu, laifina, domin ba zan ɗora muku kayan da ni na ɗaure ba.

Da Lawan ya gaya mini an hana shi, na kira hausmasta da kaina. Mutumin kirki ne, cikin ladabi ya ce, "Malam Habu, gobe suna da jarrabawar lissafi. Mu bari ya gama, wadda ta tafi dai ta riga ta tafi." Ina tsaye a bakin sito, ana sauke kaya, hankalina ba ya jikina. Na ce, "To Malam, yadda kuka gani." Wannan kalma ni na faɗe ta, ba wanda ya matse mini baki. Da na je gida zaman makoki na wuce ta gaban makarantar sau biyu, ban tsaya ba, wai kada in ɓata masa karatu. Na dawo bakin aiki kafin a ba su hutu. Zan mutu da nadamar wannan.

Amma ranka ya daɗe, mutumin da aka yi wa mutuwa da safe ba shi ake tambaya shawara da rana ba. Makarantar da na sani ba ta ma tambaya.

Na uku, abin da aka yar.

A zamaninmu akwai abin da muke kira rakiya. Ba a rubuta shi a ko'ina ba, manya ke koya wa ƙanana. In aka yi wa ɗalibi rasuwa, hausmasta zai kira shi gefe ya gaya masa da bakinsa. Kaftin ɗin gida ya zaga ɗakunan kwana da kwano, kowa ya buɗe akwatinsa ya zuba abin da yake da shi, sukari ne, garin kwaki ne, ƙuliƙuli ne, a ƙulle don sadaka. Sannan malami da yara shida su raka shi har gida a a-kori-kurar makaranta. In motar ta lalace, kuma kullum a lalace take, a taka da ƙafa. In ya dawo, sati guda ba ya shara, ba ya ɗiban ruwa, wasu ke wanke masa kaya.

Ina aji uku aka yi mini ita da mahaifina ya rasu. Cikin masu rakiyata har da Bitrus, yaron wani ƙauye da ke bayan namu, Kirista. Shi ya yini yana cika wa masu ta'aziyya butoci daga rijiya, har kawuna yana tsokanarsa, "Kai ɗan Malam Fasto, alwalar nan da kake raba wa mutane ko za ka taɓa kaɗan?" Bitrus ya ce, "Kawu, in na yi, wa zai ɗebo muku ruwa?" Ranar ce kawai na ga an yi dariya a zauren makoki, kuma dariyar ta riƙe ni. Jarrabawar da na rasa a makon, malamai suka zaunar da ni na rubuta daga baya. Ban faɗi ba.

Da annoba ta zo aka rufe makarantu wata da watanni. Manyan ɗaliban da suka san rakiya suka dawo suka rubuta jarrabawa a gurguje suka tafi, ba su miƙa wa kowa komai ba. Aka kulle ƙofa, kuma a lokacin daidai ne. Amma yau fa? Takunkumi an daina sawa. Bokitin wanke hannu na bakin ƙofa ya tsage, Lawan ya ce kaji ne ke kwana a ciki. Yara sun koma cunkushe a ɗakin cin abinci. Duk abin da aka kawo don cuta ya tafi, sai dokar ƙofa ita kaɗai, don ita ce ta rage wa ofis wahala.

Ba na cewa duk abin da ya mutu abin kuka ne. Manya su ƙwace wa ƙanana nama, ko su sa su tsallen kwaɗo a rana, na ji ka hana, Allah ya saka maka. Na kuma san ka gyara rijiyar burtsatse, kuma a hannunka yaranmu suka fita daga annoba lafiya. Sai dai garin share datti an haɗa da tsaba.

Na huɗu, inda muke yanzu.

Nasiru ba ya ɗaga wayata. Kullum yana gona da Lawan, kuma ya fara maganar zuwa kasuwar Dawanau a Kano yin dako idan an yi girbi. Yaron da malamansa ke cewa zai yi likita. Da Lawan ya matsa masa, abin da ya ce shi ne, "Baffa, kwana goma sha ɗaya suna kallon idona suna miƙo mini takarda. Maigadi ya sani, hausmasta ya sani, har masu dafa abinci sun sani, suna ƙara mini miya ban san dalili ba. Ta yaya zan koma in zauna a gabansu?"

Don haka ga roƙona.

Kafin a koma, ka zo gidanmu da kanka, ko ka turo hausmasta da 'yan ajinsa ko da huɗu ne, ku zauna a zaure ku yi wa Nasiru ta'aziyya. Ba takardar ban haƙuri nake so ba, ba kuma sai kun zo da komai ba. Ku gaya masa an yi kuskure. Ni ma na nemi izini a wurin aiki, zan zo in zauna a gefenku in faɗi nawa.

Sannan a maido da rakiya, wannan karon a rubuce, tunda masu koyar da ita da baki sun ƙare. Duk yaron da aka yi wa rasuwar uwa, ko uba, ko wanda ya riƙe shi, a gaya masa a ranar, ko da uban ne da kansa ya ce a ɓoye. Mu tsofaffin ɗalibai muna nan, za mu zo mu nuna wa yara yadda ake yi.

Kuma don Allah kada a taɓa Baba Audu. Abin da aka ce ya yi ya yi.

In kun zo, ina sa ran yaron zai ɗauki akwatinsa. In ba ku zo ba, ba zan tilasta masa ba. Sau ɗaya na yanke hukunci a kansa ba da saninsa ba, ba zan ƙara ba.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, ya jiƙan iyayenka da namu, ya sa naka 'ya'yan su kasance kusa da kai ranar da za ka buƙace su.

Wassalam.

Habu Isiyaku,
Fatakwal.