Rigar da Ka Hana Ni Turarawa

Zuwa ga Mahad, sanyin idona, inuwar gidana, yayyafin da ke kwantar da zuciyata, baban Galiya, mijin da ban taɓa haɗa shi da kowa ba.

Bayan sallama irin ta addini, ina fatan kana cin abinci a kan lokaci, kana kuma salla a kan lokaci, ko da jirgin ruwan yana wujijjiga ka. Galiya za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo maka ta waya, don haka shugabanninka su kwantar da hankalinsu, ko ɗigon ƙamshi ba zai biyo ta ba.

Masoyina, har yau ban dawo daidai ba. Na rasa wane abu zan fara mamaki a kai. Ranar da za ka tafi na tashi na hura gawayi, na zaɓo lubban mafi fari, wanda na ɓoye tun bikin 'yar ƙanwata, na kifa kabbasa, na shimfiɗa rigunanka a kai. Sai ka shigo ka janye su ɗaya bayan ɗaya, ka kai su famfo, ka sake wanke su da sabulun da ba ya ƙamshin komai. Da hannunka, Mahad! A gaban 'yarka! Ina tsaye da kasko a hannu, hayaƙi yana tashi ba shi da inda zai shiga. Wace mace a duk garin Taƙa aka taɓa yi wa haka?

Ka manta yadda muka fara ne, hasken safiyata? Ina budurwa a kan dutse, wajen shanun babana, a irin wannan lokaci na kharif, daminarmu, da gajimare ke saukowa har ya taɓa ciyawa, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Sai ga ka ka ɓullo daga cikin farin nan da buhun busasshen kifi a kafaɗa, ka kawo wa shanu su ci, yadda aka saba a wajenmu. Tun kafin in gan ka na ji ka. Na toshe hanci na ce maka mutanen bakin teku ba su san wanka ba ne? Ba ka yi fushi ba. Ka sauke buhun ka ce wanka kam ka yi, mai turara maka riga ce ba ka da ita. Da wannan maganar ka aure ni. Rigar farko da na turara maka na ƙona mata gefe, ka sa ta haka ka tafi masallacin Juma'a, kana nuna wa abokanka ƙunar kamar lambar yabo. Tun daga ranar ba ka taɓa taka bakin ruwa ba sai da hayaƙina a jikinka. Na san Allah ne mai tsarewa, ba lubban ba, ni ce ma nake koya wa yara haka. Amma duk ranar da ka fita da ƙamshina, ka dawo mini da shi gauraye da gishiri.

Yanzu ka fita kamar mutumin da ba shi da kowa a gida. Khiyar maƙwabciyarmu ta ji wucewarka. Da hantsi ta leƙo ta katanga da ɗan ƙullin lubban, wai ta ji kamar nawa ya ƙare, kada in ji kunyar tambaya, ai maƙwabtaka ta wuce haka. Na gode mata, na kuma tuna mata cewa Allah ba ya son mai bin diddigin gidan wani. Amma da na shiga ɗaki, Mahad, sai da na zauna.

Kuma a wane lokaci ka fita? A kharif! Lokacin da kowane mai hankali ya ja kwalekwalensa kan yashi ya kifa, lokacin da teku ke tashi tsaye kamar raƙumin da ya haukace. Kai da ka tsaya a bakin ruwan nan kana jiran ɗan'uwanka Bakhit, teku ba ta dawo maka da ko hularsa ba. Kai da ka riƙe hannuna ka ce ba za ka sa in yi irin jiran da matarsa ta yi ba. Na san za ka ce wannan jirgin ƙarfe ne, ya fi masallacin unguwarmu girma. Teku ta taɓa tambayar girman jirgi? Da na tare ka a bakin ƙofa, abu ɗaya kawai ka faɗa:

"Tuful, tun ina yaro nake ganin gajimaren nan yana tasowa daga teku. Ina so in ga inda ake haifarsa kafin in mutu."

Kafin ka mutu! Haka ake yi wa mace sallama?

Galiya ce ta zaunar da ni bayan kwana biyu, tana danne dariya, har sai da na tuna mata cewa karatun kwaleji bai ɗauke wa kowa ladabi ba. Ta ce masu binciken da suka ɗauke ka aiki a jirgin iska suke aunawa. Wai tururin da ke tashi daga teku ba ya iya zama gajimare shi kaɗai, sai ya sami wani ɗan ƙwaro-ƙwaron abu da ido ba ya gani ya manne masa. Idan igiyar ruwa ta fashe, kumfa ya tarwatse, ɓurɓushin gishiri yana tashi sama. Wasu ƙananan halittun ruwa ma suna fitar da nasu numfashin. A kan waɗannan ne kowane ɗigo yake taruwa. Ta ce a goshin jirgin akwai na'ura mai dogon bututu tana ƙirga su, kai ne kake hawa ka canza mata abin tace iska, kuma in ta shaƙi hayaƙin rigarka za ta ɗauka daga teku ya fito, aikinsu ya lalace.

Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina yaƙi da ƙura, ina goge taga, ina kora yara ɗaki in gajimare ya sauko don kada sanyi ya kama su, ashe ruwan da ya shayar da shanun babana a kan ɓurɓushi yake hawa ya zo! Ashe ciyawar da muke taƙama da ita a kan dutse, muna raina ku mutanen ƙasa, gishirin tekunku ne ya ɗauko mata ruwa. Tsarki ya tabbata ga wanda ya rataya damina a kan abin da ba ya ko cika ido.

Sai ta ƙara mini da wadda ta fi. Wai ka daina shan taba, domin an hana a jirgin. Mahad! Tun kafin a haifi yarinyar nan nake maka wa'azi. Na kawo maka ayoyi, na kawo maka maganar likita, na yi fushi, na yi kuka, na ɓoye ashana. Ba ka ji ba. Bututun ƙarfe ya yi magana sau ɗaya, ka bari. Ban san ko in yi sujadar godiya ko in ji haushi ba, don haka na yi duka biyun.

Duk wannan zan iya haɗiyewa, zumar rayuwata. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saƙon da ka turo wa Galiya jiya, ba ni ba. Wai in jirgin ya tsaya a Salala ɗaukar ruwa da abinci, sun nemi ka zarce da su kudu, can tsakiyar teku inda ko tsuntsu ba ya zuwa, har bayan kaka, kuma kana tunani. Tunanin me? Ka je ganin inda ake haifar gajimare, ka gani. Namiji mai iyali yana cika burinsa ne ya dawo, ba ya mayar da buri gida. Wa zai zauna gefena a tabarma in na zuba gahawa? Wa zai ce shinkafata ta yi gishiri alhali ya cinye? In mai neman Galiya ya turo manyansa, bututu zan nuna musu? Ka sauka a Salala, Mahad. Ban saba roƙo ba, ka sani, amma ga shi ina yi. Ka sauka.

Bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar Juma'a na hau soro da kasko, na ce tunda an hana rigarka, bari in tura hayaƙin ya bi ka ta sama. Iska ta kwashe shi ta yi dutse da shi, ko kallon teku bai yi ba. Galiya ta ce haka iskar kharif take, daga wajenka take zuwa wajena, ba ta komawa. Na tsaya a wurin, farin gajimare ya lulluɓe ni, na lashi leɓena, na ji gishiri.

Don haka na kashe kaskon, kuma ba zan sake hura shi ba sai ranar da ka tako ƙofar nan. Ranar kuwa zan turara ka har sai na'urarsu ta ji ka daga tsakiyar teku. Kafin nan, kowace safiya ina ɗaukar mayafina mai ruwan ganye, wanda ka fi so, in shimfiɗa shi a kan kabbasa a soro, ba wuta a ƙarƙashi. Yana kwasar abin da iska ta kawo daga inda kake, in yafa shi da danshinsa. Khiyar ta ce zan yi mura. Ta yi ta faɗa. Shekara da shekaru ina turara ka, yanzu kai kake turara ni.

Taka tun daga kan dutse har ranar da za a naɗe ni, wadda ba ta da wani bakin teku sai kai,

Tuful