Bango Ya Auna

Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da Mama da yara, da fatan ƙafar Mama ta yi sauƙi.

Gara ka ji daga bakina: Farfesa ya ce ba zai sa hannu a kundin digirina ba.

Ka san robar da nake bincike a kanta. Zaruruwa ne iri biyu da ido ba ya gani, an ƙulle su baki da baki. Ba sa jituwa, kamar ruwa da mai, amma ƙullin ya hana su rabuwa, sai su jeru layi-layi, kowane da irinsa. Wannan jerin shi ne amfanin robar. In ana ƙara mata zafi, akwai inda jerin ke rushewa, komai ya cakuɗe. Aikina in gano daidai wannan zafin.

Farfesa ya daɗe da buga tasa lambar, da ita ma aka san shi. Tawa ta fito ƙasa da tasa sosai. Na yi ta maimaitawa har na gano dalili. Shi a jikin bangon tanda ya liƙa ma'aunin zafi, dab da wayar wuta. Ni cikin robar na soka nawa. Bango ya auna, Yaya! Da na kai masa, ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce, "Ki gyara lambarki ta dace da tawa, ko ki nemi wani malamin."

Ba zan gyara ba.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, ƙafar Mama da sauƙi.

Taurin kan nan naki tun kina rarrafe muke fama da shi. Ni makanike ne, ban san zaren roba ba, amma na san ba a ja da mai garejin da ake koyon aiki a hannunsa. Ki rubuta abin da yake so, ki karɓi takardarki, in kin zama Dakta ki ƙaryata shi son ranki. Mama ta gama shelanta wa maƙwabta bikin kammalawarki, har ta kai ɗinki. Ban gaya mata komai ba. Don Allah kada ki sa in gaya mata.

Ki huta lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Ina gaida ka, amma raina a ɓace yake.

Kai in birkin mota bai kama ba, kana ce wa mai ita ya kama don mai gareji na kallonka? Masu ƙera matatar ruwa da robar nan lambar Farfesa za su bi wajen wanke ta da tururi. Jerin zai rushe tun kafin su kai zafin da ya faɗa, su ci gaba da tace ruwa da abin da ba ya tacewa. Kuma sunana ne zai ƙara tabbatar musu.

Jiya ya tara mu a ɗakin gwaji, ya ce akwai yarinyar da ba ta iya karanta ma'auni ba. Kowa ya sunkuyar da kai. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ga tanda ga roba, mu auna tare yanzu." Ya karɓe makullina na ɗakin gwajin. Yau an cire ni daga masu kammalawa.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ka gaya wa Mama, ko ni in zo in gaya mata.

Taka,
Auta

*

Auta,

Muna gaida ki.

Na gaya mata. Sai ta ce, "Ta tabbata?" Na ce kin tabbata. Ta ce, "To ka rubuta mata, in ta canja ko ɗigo ɗaya saboda ni, ban yafe ba. Maƙwabta kuma a bar ni da su."

Allah ya tsare.
Yayanki