Kiwo a Kwalbar Alawa

Litinin, 4 ga Maris, 1974
Saƙo ya iso ta gidan waya daga wajen Abdulsalami, ɗana da aka tura Amurka karatun aikin gona. Sabon tabarau na roƙe shi. Na buɗe sai ga ɗan kwali, an zana wasu halittu a jiki masu kambi a ka, uba da uwa da 'ya'ya, suna ta murmushi kamar ranar suna. A ciki ƙunshin gari uku da cokali ƙarami kamar na sakace kunne. Wai in zuba a ruwa, rai zai fito. Wai zai ɗebe mini kewa. Wa ya ce masa kewa nake?
Na karanta takardar bayanin kaf. Turancina dai yana nan, ko da yake babu mai bukatarsa a Karaye.

Talata, 5 ga Maris
Matata Turai ta ba ni tsohuwar kwalbar alawa mai faɗin baki. Ruwan rijiya, sai ƙunshi na ɗaya. Na ɗanɗana da yatsa, ashe gishiri ne. Tun daga Amurka aka aiko mini gishiri! Takarda ta ce a jira gobe. Jira kam na iya. Na tsufa ina jiran ƙarin girma, aka ɗauka aka ba yaron da ni na koya wa riƙe alƙalami.

Laraba, 6 ga Maris
Ƙunshi na biyu, wai ƙwai. Ƙura ce kawai.

Juma'a, 8 ga Maris
Babu komai. Da ma na sani. Turai ta ce in na gama wasa tana son kwalbarta.

Asabar, 9 ga Maris
Da hantsi na ɗaga kwalbar saitin taga da niyyar zubarwa, sai na ga ɗigo yana tsalle. Na ce idona ne. Na goge tabarau. Ga wani, ga wani! Farare, ba su kai ƙwayar gero ba, suna ta zillo. Na ƙwala wa Turai kira har ta taho da muciya a hannu, ta zaci kunama ce. Ta duba, ta duba, ta ce, "La ilaha illallahu, Malam, ka haihu!"
Ban yi dariya ba. To, kaɗan.

Alhamis, 14 ga Maris
Na ba su abinci daga ƙunshi na uku, kan cokali kawai. Takarda ta yi kashedi: yawan abinci ne ke kashe su. Ba su da kambi, ba sa murmushi. Ƙananan jatan lande ne na ruwan gishiri, an yi musu kwalliya a kwali don a yaudari yara. Da tsofaffi.

Juma'a, 22 ga Maris
Sun girma, yanzu ana ganinsu ba wahala. A rigingine suke iyo, ƙafafu na kaɗawa kamar gashin tsuntsu. In na kawo kwalbar bakin haske sai su taru duka a wajen. Na koyar da aji iri-iri, ban taɓa samun wanda ke taruwa da sauri haka ba.
Sulle taubashina ya zo daga Rogo Sabon Gari. Ya leƙa ya kwashe da dariya, wai shekarun da na yi a kwaleji ashe kiwon kwarkwatar ruwa na koyo. "In sun yi ƙiba ka yanka mana ɗaya da layya, bawana." Na ce masa nawa garken bai taɓa shiga gonar kowa ba. Ya ce sauri yake, amma sai da aka kira la'asar yana tsugune a gabansu.

Lahadi, 31 ga Maris
Zafi. Ruwan yana raguwa, ina ƙara kaɗan-kaɗan, ina motsa shi da tsinke safe da yamma don su sami iska. Wasu sun haɗu biyu-biyu suna yawo a manne. Turai ta ce babu kunya a Amurka.

Talata, 2 ga Afrilu
Ashe duk lokacin da na tafi masallaci Turai na shigo da matan unguwa kallo. Na gane ne don na tarar da shatin yatsa mai man gyaɗa a jikin kwalbar. Na yi faɗa. Ta ce Tasalla matar maƙwabcinmu Ilu ce kawai. Tasalla yatsunta nawa?
Ni ba na son mutane a gidana. Tun da na ajiye aiki na rufe zaure, kuma ban ga abin da na rasa ba.

Talata, 9 ga Afrilu
Ɗaya tana ɗauke da ɗan ƙunshi baƙi a gindin wutsiya. Ƙwai ne! Na sa mata suna Uwargida. Kada kowa ya ji.
Gobe zan je Rogo gaisuwar rasuwa, zan kwana. Na ja wa Turai kunne: kada a taɓa, kada a ciyar, kada a sa a rana.

Alhamis, 11 ga Afrilu
Na dawo da azahar, taga wayam. Ba kwalba!
Ga abin da ya faru. Jiya da safe aka ce Jibo dubagari ya shigo unguwa da moɗarsa, yana leƙa randuna, duk ruwan da ya ga abu na motsi a ciki sai ya sa a zubar. Turai ta ce ina ita ina yi masa bayanin jatan landen Amurka? Sai ta yi abin da mata suka saba yi da tsohon tulu in dubagari ya zo: ta miƙa kwalbar ta kan danga gidan Ilu, inda ya riga ya duba ya wuce. Dabara ce, ban musa ba. Sai dai kwalbar ba ta dawo ba.
Na ce ta je ta karɓo. Ta ce ta je, an ce tana gaba. "Ai maza ne suka riƙe ta yanzu, Malam. Sai dai kai."
Ni? Gidajen da rabona da taka zaurensu tun ina aiki?
Na tafi. A wannan zafin ruwan ba zai jira girman kaina ba.
Gidan Ilu: ina gajiya, ina iyali, yaya zafi, yaya Abdulsalami a Amurka, ga fura. Zuciyata na kan kwalba amma dole na sha. Sai a ƙarshe ya ce ai Uba maƙeri ya aiko an kai masa, tsohuwarsa na son gani. Tasalla daga ciki ta ɗaga murya wai ruwan ya ɗan zube wajen tsallake danga amma ta cika shi da na randa. Na randa!
Gidan Uba: gaisuwa daga farko, fura kuma. Ya ce kwana biyu, na ce kwana biyu, mu duka mun san ba biyu ba ne. Tsohuwarsa ta ga baƙi sun kwana ba abinci, ta ce abin kunya ne, ta watsa musu tsakin gero. Na miƙe zumbur. Ina kwalbar? An wuce da ita gidan Malam Nasidi.
Malam Nasidi! Mutumin da ya riƙa ɓoye yara a rumbu lokacin da nake zagaye ɗaukar 'yan makarantar boko. Tun daga nan sallama kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice.
Na tarar da shi a zaure, kwalbar na gabansa a inuwa, ya rufa mata jiƙaƙƙen ƙyalle kamar tulu. Ruwan ya yi fari, gawarwaki a ƙasa. Ya ce tun safe yake tsamo tsakin da tsinke, ya ga ba ya yi musu daɗi. Ya dube ni ya ce, "Malam Lurwanu, ka ga har yau ni ke ɓoye maka yara."
Dariya ta ƙwace mini har da tari.
Ya tambaya, da gaske daga busasshiyar ƙura suka fito? Na ce da idona na gani. Ya ce lalle zai kawo wannan a karatun yamma in an zo maganar tashin matattu. Na ce ya bari mu ga ko za su kai yamman.

Juma'a, 12 ga Afrilu
Na tace rabin ruwan da ƙyalle, na ƙara gishiri ina ɗanɗanawa. Yawanci sun mutu. 'Yan kaɗan na motsi, a gajiye. Ban ga Uwargida ba. Ban ci tuwo ba.

Lahadi, 14 ga Afrilu
Ilu ya yi sallama, wai ya zo duba marasa lafiya. Uba ma, da saƙon ban haƙuri daga tsohuwa da goro. Kunya ta hana in bar su a tsaye a rana, na buɗe zaure. Ƙura kamar rumbun bara.

Laraba, 17 ga Afrilu
Ruwa ya washe. Uwargida na nan! Ashe a ƙasa ta lafe. Kuma ga sababbin ɗigo, farare, ba adadi, suna ta tsalle. Na fita ba hula na gaya wa Ilu.

Juma'a, 19 ga Afrilu
Bayan masallaci Jibo dubagari ya zo, ba kaki, da riga da hula. Ya durƙusa ya gaishe ni, ashe na koyar da shi a aji uku, ni na manta. Ya ce tun ranar ya ga kwalba na tsallake danga, sai ya juya yana duba wata randa. "Ranka ya daɗe, yau ba aiki na zo ba, a nuna mini." Ya duba ya ce waɗannan ba 'ya'yan sauro ba ne, amma dai in riƙa rufe bakin da ƙyalle. Da ma ina rufewa.

Litinin, 22 ga Afrilu
Na mai da kwalbar zaure. Hasken can ya fi, shi ke nan dalili. Malam Nasidi ya zo bayan la'asar muka yi ta musu a kan ko suna barci. Bai san komai ba a kai, ni ma haka. Ya ce gobe zai dawo da hujja.
Na sa Turai ta ɗebi jarirai a ƙaramar kwalba a kai wa tsohuwar Uba, da sharaɗin ba tsaki.
Tabarmar zaure ta yi kaɗan. Sai na nemo wata.