Sunan Lawali a Zuriyar Hajja

Zuwa ga Yaya Husaina,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da zafin Yamai. Mu nan Birni lafiya lau, ban da ni.

Kin san kulob ɗin ordinata, wato kwamfuta, na makarantarmu ta lise. Malaminmu Mushe Illa ya haɗa ni da Lawali, wannan dogon da ba ya kallon kowa, mu rubuta shirin ordinata da yaren C mai nuna zuriyar kakarmu Hajja. Kowane mutum yana da wurinsa a memuwar ordinata, wato ma'ajiyarta, a ciki akwai adireshin mijinsa ko matarsa da na 'ya'yansa. Lawali ya rubuta sashen yin kwafi, don mu yi gwaji ba mu taɓa na asali ba.

Yaya, kar ki yi dariya. A kwafin, gefen sunana, na rubuta Lawali a gurbin miji. Kallo kawai nake so in yi, kamar a littattafan soyayyar nan da Inna ke ƙwace mini. Ashe adireshi kaɗai kwafinsa ke ɗauka, bai nemi sabon wuri ga kowa ba, wato kwafi da na asali wuri ɗaya suke nunawa. Sunan ya shiga na asali! Na yi saurin sharewa da umarnin free mai sakin wuri a memuwa, 'ya'yan Hajja duka suka ɓace, shirin ya mutu. Na sake kunnawa, ga Lawali nan daram, ya riga ya adanu.

Ranar Asabar za a haska a bango, kuma Hajja ta ce za ta zo. Wayyo ni!

Ƙanwarki,
Ilham

Yaya Husaina,

Bayan gaisuwa, ki gaida maigida.

Na zauna na sake rubuta kwafin, na nemi sabon wuri da umarnin malloc ga kowane mutum, daga Hajja har jaririn Aliya, autan zuriya, kaina kamar zai tsage. Kafin in goge abin kunyar, sai ga Lawali a bayana. Ya karanta, Yaya. Ya daɗe yana kallo. Ni kuwa ina jiran maganar da jaruman littafi ke yi.

Wai gwajina ya yi kyau, da shi aka kama kuskurensa. Ya sa yatsa ya goge sunansa da kansa, ya ce na manta free a wuri biyu.

Ranar Asabar Hajja ta ga zuriyarta cif, har da hawaye. Ki aiko mini da sabon littafi, amma wanda jarumin yake da ido.

Taki cikin takaici,
Ilham