Raƙumin da ba ya durƙusawa

Arlit, daren Laraba

Yau an ɗaga tsohuwar motata. Tun da kamfani ya sallame mu ita ke ciyar da gidan nan, kuma na gaji da tono ta cikin rairayi. Na so a ƙara mata lam huɗu, wato ƙarafan sifirin da ke ɗaga jikinta, don manyan tayoyi su samu wuri, amma Iliya makanike ya ce, "Maigida, biyu sun isa. In ta cika tsayi, soja su tsare ka, 'yan tawaye kuma su yi sha'awarta." Na ji haushi, amma na yarda. Tayoyin kuwa sun zauna daram.

Da na iso gida, uwargida Hajara ta kasa hawa. Ta tattare zane, ta harare ni, ta ce, "Malam, raƙumi ma durƙusa wa mutum yake yi."

Har yanzu dariya nake. Gobe dai Iliya zai liƙa wa motar matakin ƙarfe.