Ƙamshin Rigar Basiru

Daren Talata, Ka'akiyya, Makka

Maigidana Malam ya ji sauƙin ƙafarsa, 'yata Hindatu na tari. Ni lafiyata lau, barci ne ya ƙi zuwa.

Gidan abincin 'yan Indunusiya da ɗana Basiru ke aiki a unguwar Kudai ya bunƙasa. Mutane sun daina zama su ci, sai dai a ƙulle musu taliya su tafi da ita, miyarsu ma a kwalba ake sayarwa. Za su buɗe reshe a Jidda, mudir, manajansu, yana son ɗana ya koma can ranar Juma'a. Shi kuma ya ce sai na yarda.

Yau na ga kwalbar a bakala, shagon layinmu. Na bi rubutun da yatsa har na haɗa sunan, na saya. Da na buɗe ta a ɗaki, citta da tafarnuwa suka taso, ƙamshin rigarsa sak, wanda ke riga shi shigowa kullum. Na lumshe ido, sai na ji kamar yana cire takalmi a bakin ƙofa.

A haka ya same ni. "Umma, ba turare ba ne fa."

Ya Allah, ka sa min amsa a zuciya kafin Juma'a. "Je ka" ta ƙi fitowa daga bakina.